Dodon-Koɗi Da Ƙuda Sun Nuna Wa Masana Inda Karatu Ke Kwana

Akwai dillalan goro a Shagamu da Agege waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami don lissafi ba, amma in ka tambaye su wa ya ɗauki huhu nawa a watan jiya, nawa ya biya, nawa ya saura, sai su karanto maka tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Akwai direbobin da suka san kowace kwana tsakanin Ikko da Kano ko da tsakar dare ne. Akwai kuma yaron da ya sauka Badun bara bai san ko "zo" da Yarabanci ba, bana shi ke yi wa maigidansa tafinta. To, duk wannan abu da ya shiga kai, ina ya je ya zauna? Da me aka rubuta shi, kuma a kan me?

Tambayar ta fi yadda ake zato wuya. Dalili kuwa shi ne, jiki ba ya zama da kayan da aka gina shi da su. Sinadaran nan da ake kira furotin, waɗanda su ne kayan aikin kowace ƙwayar halitta, kullum ana rushe tsofaffi ana ƙera sababbi. Na cikin ƙwaƙwalwa galibinsu kwanaki ko 'yan makonni suke yi a sake su. Amma ga dattijo mai shekara 80 yana tuna sunan jakin ubansa. A 1984 Francis Crick, Baturen Ingilan nan da ya sami lambar Nobel kan gano siffar DNA, ya jefa wa masana wannan tambaya a fili: in kayan suna sakewa, me ke riƙe ajiyar?

Babban yanki na amsar da ake da ita yau ba daga kan mutum aka samo shi ba. Daga halittun da ba su da ƙashin baya aka samo, watau wani dodon-koɗi na teku, da ɗan tsurut ɗin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓiyar ayaba, da ƙudan zuma, da wata tsutsa da ba ta wuce milimita ɗaya ba. Kada mai karatu ya yi dariya tukuna. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, wa zai bi su ɗaya-ɗaya? Mai son ya gane saƙa ba ya farawa da injin masaƙa, sai ya zauna gaban masaƙin gargajiya inda zai ga kowane zare da idonsa.

Tsaiko a cikin ƙwaya

Ƙwayar jijiya ba dunƙulalliya ba ce. Tana da gangar jiki, da rassa masu karɓar saƙo, da doguwar jela guda mai kai saƙo gaba. Inda bakin jelar wata ya sadu da reshen wata shi ne mahaɗa. Ba su ma taɓa juna sosai, akwai ɗan rata a tsakani, sai ta farko ta fesa wani sinadari, ta biyu ta karɓa. Tun 1894 wani likitan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya faɗi a wata lacca da ya yi a Landan cewa koyo ba ya ƙara yawan ƙwayoyin, sai dai ya ƙarfafa mahaɗunsu, ya sa su fid da sababbin rassa. Hasashe ne, ba shi da na'urar tabbatarwa. Sai da aka yi wajen shekara 90 kafin a ƙidaya abin da ido.

To, abu mai taushi kamar ƙwaya, me zai ba shi siffa har ya fid da reshe? Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗaura jinka ya san ba ciyawar ke riƙe kanta ba, tsaiko ne. Ƙwaya ma tana da nata tsaiko a ciki, na zaruruwan furotin.

Mafi siranta a cikinsu shi ne aktin, kaurinsa nanomita 7. Nanomita kuwa shi ne a raba milimita ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya. Sai an jera irin wannan zare wajen dubu goma kafin su kai kaurin gashin kai guda. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Brunó Straub, shi ya ware aktin daga tsokar nama a 1942, saboda haka da farko an ɗauka aikinsa motsa tsoka ne kurum. Ashe yana cikin kusan kowace ƙwaya, kuma a jijiya ya fi taruwa daidai bakin mahaɗa. Ƙananan dunƙule ne ke jeruwa kamar 'ya'yan carbi, suna ƙaruwa ta wannan baki, suna zubewa ta wancan. Zaren da ke ƙara tsawo yana tura fatar ƙwaya gaba, da haka ne toho ke fitowa.

Sai kuma wani mai kama da bututu, kaurinsa nanomita 25, ana ce da shi maikurotubul. Da furotin mai suna tubulin aka gina shi, sunan da wani masanin Japan, Hideo Mohri, ya raɗa masa a 1968. Bahaushe ba zai sha wuyar riƙe wannan suna ba, don kuwa aikin tubali yake yi sak. Waɗannan bututai su ke shimfiɗe tun daga gangar ƙwaya har ƙarshen jela, su ne ginshiƙi, su ne kuma hanyar dogo da kaya ke bi. Akwai zare na uku matsakaici, amma ƙudan ayaba ba shi ma da shi a jijiyoyinsa, yana kuwa koyo sarai, don haka ba za mu tsaya a kansa ba.

Abin lura, wannan tsaiko ba irin ƙashi ba ne da zai sandare wuri ɗaya. A 2002 an auna a jijiyoyin ɓera, aka ga mafi yawan aktin da ke bakin mahaɗa ana sake shi cikin ƙasa da minti ɗaya, amma mahaɗar tana nan da siffarta. Mazauna Sabo za su fi kowa fahimtar wannan. Wasu su zo, wasu su koma gida, wasu su rasu, shekara hamsin ba wanda ya saura cikin na farko, amma lunguna da kasuwa da ƙofar Sarkin Hausawa suna inda aka san su.

Zomon teku

An haifi Eric Kandel a birnin Biyana na Ostiriya a 1929. Bayahude ne, ya tsere zuwa Amurka a 1939 yana yaro saboda mulkin Hitila. Likitan taɓin hankali ya karanta, amma abin da ke ransa shi ne sanin yadda ake tunawa. A 1962 ya tafi Faris wurin Ladislav Tauc don ya koyi aiki da wata halitta mai suna Aplysia. Dodon-koɗi ne na teku wanda ƙoƙon bayansa ya ƙanƙance ya ɓuya cikin jiki, yana da wasu tsiraye biyu a ka kamar kunnuwan zomo, shi ya sa tun zamanin Rumawa ake ce masa zomon teku. In aka takura masa sai ya fesa tawada shunayya. Manyan masana na lokacin sun ba Kandel shawarar kada ya ɓata basirarsa a kan irin wannan abu. Bai ji ba.

Abin da ya gani shi ne, ƙwayoyin jijiyar wannan halitta wajen 20,000 ne kacal, wasunsu har sun kusa milimita ɗaya, ana ganinsu ba tare da madubi ba. Daɗin daɗawa, manyan cikinsu suna wuri ɗaya a jikin kowane zomon teku, har aka ba su sunaye, yadda in ka bar aiki a kan wata ƙwaya yau, gobe za ka same ta a jikin wani.

A bayan zomon teku akwai gaɓar da yake numfashi da ita, irin ta kifi, da ɗan bututun fid da ruwa kusa da ita. In ka taɓa bututun, nan take sai ya janye gaɓar numfashin ya ɓoye. In ka yi ta taɓawa a hankali ba abin da ya biyo baya, sai ya daina kulawa. Wannan shi ne sabo. In kuwa ka ɗana masa lantarki a wutsiya, to, daga nan ko ɗan shafa aka yi masa sai ya ƙanƙame da ƙarfi, kamar dai wanda maciji ya sara ya ga baƙin tsumma. Wannan ita ce firgita. Duka biyun koyo ne, kuma ana iya auna su da agogo.

A 1972 Kandel da Thomas Carew da Harold Pinsker suka nuna wani abu da ya kamata kowane ɗalibi ya ji. In aka taɓa shi sau 10 a zama ɗaya, sabon na 'yan mintoci ne. In aka taɓa shi sau 10 kullum har kwana 4, sabon yakan kai mako 3. Amma in aka haɗa sau 40 ɗin a zama ɗaya, ba ya daɗewa haka. Adadi ɗaya ne, tazarar ce ta bambanta. Malamanmu da ke hana yaro cusa karatu a dare ɗaya, suna sa shi tishi kullum, sun riga masu madubi zuwa nan.

Sai a shekarun 1980 Craig Bailey da Mary Chen na Jami'ar Kolombiya da ke Niyok suka ɗauki aikin da ya gagari Cajal. Suka sa wa ƙwayoyin jin taɓi alama, suka yanka su sala-sala, suka zauna gaban madubin lantarki suna ƙidayar bakunan mahaɗa. A jikin dabbar da ba a koya wa kome ba, ƙwaya ɗaya tana da baki wajen 1,300. A jikin wadda aka firgita na tsawon kwanaki, sun kai wajen 2,700. A jikin wadda ta saba kuwa sun sauko zuwa wajen 850. Da firgitar ta gushe bayan makonni, adadin ya koma wajen 1,500, bai dai koma inda ya faro ba. Watau abin da aka koya gini ne, ana iya ƙirga shi.

Daga nan aka koma neman magina. Samuel Schacher ya iya ciro ƙwayar jin taɓi ɗaya da ƙwayar motsa tsoka ɗaya, ya raine su a faranti har suka ƙulla mahaɗa. An riga an san cewa sinadarin da lantarkin wutsiya ke sa a fesa shi ne serotonin. A 1986 aka ga in an ɗiga wa ƙwayoyin serotonin sau ɗaya, mahaɗar takan yi ƙarfi na 'yan mintoci ta koma. In an ɗiga sau 5 da tazara a tsakani, ƙarfin yakan wuce awa 24, amma da sharaɗin ƙwayar ta ƙera sababbin furotin. In aka hana ta ƙerawa, gajeren tunin yana nan, dogon ba ya samuwa.

Wane irin furotin? A 1992 aka ga abu na farko da ƙwayar ke yi shi ne ta janye wani furotin mai kama da danƙo da ke manne rassanta da juna, kamar mai son faɗaɗa ɗaki ya fara kwance tanka. A 2000 Hatada da Daniel Goldberg da abokansu suka ga aktin yana taruwa a tsofaffin bakunan mahaɗa, daga nan ne sababbin toho ke ɓullowa. Da suka zuba wata guba da ake samu daga funfuna, mai suna saitokalasin, wadda ke hana zaren aktin ƙara tsawo, sai tohon ya tsaya. A 2003 aka bi abin da agogo: cikin awa 3 zuwa 6 ana cika bakunan da dama suna nan amma ba kaya a cikinsu, sababbi fil kuwa sai bayan awa 12 zuwa 18 suke bayyana. Sa'an nan a 2005 Hiroshi Udo ya gano makunnin, wani ƙaramin furotin mai suna Cdc42, wanda serotonin ke tayarwa, shi kuma ya tayar da masu saƙa aktin. Da aka toshe shi, mahaɗar ta ci gaba da aikinta na yau da kullum, gajeren tuni bai taɓu ba, amma ba sabon reshe, ba dogon tuni. Kandel ya karɓi lambar Nobel a 2000 tare da Arvid Carlsson da Paul Greengard.

'Yan dakon cikin jijiya

Akwai wata matsala da duk wanda ya taɓa aiko da kaya daga Arewa zai gane. Rubutun gado, wanda daga shi ake kwafo umarnin ƙera furotin, yana can cikin cibiyar ƙwaya. Wurin gini kuwa yana ƙarshen jela, da nisa ƙwarai in an gwada da girman ƙwayar. Kuma ba kowace mahaɗa ke bukatar kayan ba. A 1997 Kelsey Martin ta raini ƙwaya ɗaya mai reshe biyu, kowanne ya haɗu da tasa ƙwayar, ta ɗiga serotonin a reshe ɗaya kurum. Wannan reshen kaɗai ya yi ƙarfi ya fid da toho. To, wa ke ɗaukar kayan, ta wace hanya?

Wannan ma wata halitta marar ƙashin baya ce ta tona. Sukwid, mai hannuwa goma da ke fesa tawada a teku, yana da wata jijiya mai kauri har ana iya matse abin da ke cikinta a kan gilashi kamar man goge haƙori. A 1985, a tashar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka ware wani furotin daga cikinta suka sa masa suna kainesin. Yana da ƙafa biyu, yana ɗora kaya a ka, yana takawa a kan bututun tubulin, kowane taki nanomita 8, wajen taki 100 a daƙiƙa ɗaya. Alaro ke nan ba ragi. Shi yana kai kaya daga cibiya zuwa bakin jela, wani mai suna dainin yana dawo da saƙo daga can.

A 2008 Sathya Puthanveettil, yana aiki a ɗakin binciken Kandel, ya nuna cewa ɗigon serotonin sau 5 yana sa ƙwayoyin zomon teku su ƙara yawan kainesin, watau su ɗebi ƙarin 'yan dako. Da aka hana wannan ƙari, dogon tuni bai kafu ba. Amma in ya riga ya kafu, rage 'yan dakon bai rushe shi ba. Kafin wannan, a 2003, ƙungiyar Martin ta ga cewa ba duka kayan ake ɗaukowa a ƙere ba. Akwai kwafin umarni da ake jibgewa a can cikin rassa, da yawansu na tubulin ne da masu sarrafa aktin, don a buga tubalin a wurin gini in bukata ta taso.

Mantuwa ma aiki ce

Yawancinmu mun ɗauka mantuwa lalacewa ce kurum, kamar tawada ta koɗe a rana. Ƙudan ayaba ya nuna ba haka abin ya tsaya ba.

Tun 1974 aka fara koya wa wannan ƙuda darasi a ɗakin binciken Seymour Benzer a Kalifoniya, sa'an nan Tim Tully da William Quinn suka gyara dabarar a 1985. Ana zuba ƙudaje wajen 100 a bututu, a busa musu wani wari ana ɗana musu lantarki, kana a busa wani warin ba lantarki. Bayan haka a kai su mararraba, wari ɗaya dama, ɗaya hagu, a ƙirga inda suka nufa. Ƙwaƙwalwar ƙudan ba ta kai ƙwayar gero ba, taswirar da aka kammala a 2024 ta nuna ƙwayoyin jijiyarta wajen 140,000 ne, amma kusan dukansu sukan guje wa warin da ya zo da azaba. Darasin yana zama a wani sashe mai siffar laimar kwaɗi, mai ƙwayoyi wajen 2,000 a kowane gefe. Nan ma tazara ta yi halinta: a 1994 aka ga darasi 10 da hutun minti 15 a tsakani yana zama har mako guda, 10 a jere ba hutu kuwa ya ɓace cikin 'yan kwanaki.

Darasi ɗaya tak yakan dusashe cikin sa'o'i. A 2010 Yi Zhong da ɗalibinsa Yichun Shuai suka tambaya, shin dusashewa yake yi da kansa, ko goge shi ake yi? Suka dubi wani furotin mai suna Rac, ɗan'uwan Cdc42 ɗin nan ne, aikinsa shi ma sarrafa aktin. Da suka rage ƙarfinsa a laimar kwaɗi, ƙudan ya koyi darasi daidai da sauran, amma tunin da kan gushe cikin sa'o'i ya wuce kwana guda. Da suka ƙara ƙarfinsa, mantuwa ta zo da wuri. Ashe akwai mai gogewa, kuma da tsaikon yake aiki, yana sake saƙa aktin har alamar ta ɓace. A 2012 ƙungiyar Ronald Davis a Fulorida ta ƙara da cewa sinadarin dofamin, wanda ke rubuta darasin, shi ne kuma ke aika saƙon gogewa, sai dai ta wata ƙofa dabam.

Wani zai ce, to, ai sai a toshe wannan Rac kowa ya huta da mantuwa. A nan ne gizo ke saƙa. Da aka juya darasin, warin da ke da lantarki jiya ya zama lafiya yau, ƙudajen da aka toshe wa Rac suka kasa sakin tsohon darasi, suka rikice a mararraba. Ɗan kasuwar da ba ya iya mance farashin bara ba zai daɗe a kasuwa ba.

Tsutsar nan da muka ambata, C. elegans, ƙwayoyin jijiyarta 302 ne cif, an kuma zana yadda suke haɗe tun 1986. Tana son wani ƙanshi, amma in aka bar ta da yunwa cikin ƙanshin sai ta tsane shi na wani lokaci. Masana a Jami'ar Basel ta Suwizalan, ƙarƙashin Attila Stetak da Andreas Papassotiropoulos, sun nuna a 2012 cewa wani furotin mai suna adusin, mai toshe bakin zaren aktin ya kafe shi, shi ke taimaka wa tunin ya zauna. A 2014 suka gano kishiyarsa, Musashi, wanda ke rage masu yi wa aktin rassa, tunin ya gushe. Tsutsar da ba ta da Musashi tana koyo kamar kowa, mantuwa ce ta yi mata wuya. Mutum ma yana da waɗannan furotin biyu.

Kada dai a yi gaggawar cewa an gama. Ƙudan zuma ya zo da nasa. Ana ɗaure shi a ɗan bututu, a busa masa ƙanshi a taɓa masa ruwan sukari, bayan 'yan gwaji ƙanshin kaɗai ya isa ya miƙo harshe. A 2010 masana a Tulus ta Faransa suka ga dogon tuni yana zuwa da ƙarin curin mahaɗu a laimar kwaɗinsa, kuma waɗannan curi cike suke da aktin. Kowa ya zaci in aka hana aktin saƙuwa tunin zai lalace, yadda yake lalacewa a ɓera. A 2012 Olga Ganeshina da Randolf Menzel na Balin suka gwada, sai tunin ya ƙaru. A ganina wannan sakamako ya fi waɗanda suka zo daidai da zato amfani, don yana hana a ɗauko abin da aka gani a kan ƙwaro a ɗora wa mutum kai tsaye.

Tsofaffinmu

Me ya shafe mu? Ga shi. A kan bututan tubulin akwai wani furotin mai suna tau, wanda ke riƙe su kamar katakon da ke ƙarƙashin dogo. A cutar nan ta mantuwa da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, tau ne ke saki bututun ya cukuikuye cikin ƙwaya, hanya ta lalace, kaya su daina isa, mahaɗu su mutu. A 2001 ƙungiyar Mel Feany a Jami'ar Harvard ta sa tau na mutum a jikin ƙudan ayaba, sai jijiyoyinsa suka riƙa mutuwa yana tsufa. A 2004 wasu masana suka ga in tau ya taru a laimar kwaɗi, koyo da tuni suna raunana tun ƙwayoyin ba su fara mutuwa ba. A 2007 kuma aka ga tau ɗin yana sa aktin ya dunƙule ya zama sanduna, an kuwa sami irin sandunan a ƙwaƙwalwar mutanen da cutar ta kama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ba ciwon Turawa ba ne. A nan Badun aka fara wani dogon bincike a 1992, tsakanin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Jami'a da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana. Sakamakon 2001 ya nuna yawan tsofaffin Badun da ke kamuwa a shekara bai kai rabin na baƙar fatar Indiyanafolis ba, amma suna kamuwa.

Mu da muke Kurmi, iyayenmu suna gida, sai a waya ake gaya mana Inna ta fara fita ta ɓata a unguwar da ta yi shekara sittin, ko Baba yana tambayar wanda ya daɗe da rasuwa. Wani ya ce jifa ne, wani ya ce iska. A garuruwan da muke zaune kuwa an sha jin an taru a kan tsohuwar da ta ɓace tana sambatu ana ce mata mayya. Ba mayya ba ce, tsaikon jijiyoyinta ne ke zubewa. Asibiti ya kamata a kai, musamman da yake wata mantuwar daga hawan jini take, ko ƙarancin bitamin B12, ko ciwon maƙoƙo, ko baƙin ciki mai tsanani, waɗanda duk ana iya yi musu wani abu in an zo da wuri. Shi kuwa mai tallar "maganin ƙwaƙwalwa" a tasha da cikin bas, a sani cewa cikin dukan binciken aktin da Rac da muka lissafa babu ko ɗaya da ya zama ƙwayar da ake sayarwa. Gubobin da masana ke taɓa aktin da su a faranti, in suka shiga jiki ba jijiya kaɗai za su taɓa ba, don tsoka da jini da hanji duk da aktin suke aiki.

Namu ma sun sa hannu a wannan fage. Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, a kan tau ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila, inda aikinsa na 2018 ya nuna cewa tau ba a kan bututu kaɗai yake ba, yana da aiki har cikin cibiyar ƙwaya. A 2021 ya jagoranci buɗe cibiyar bincike da horaswa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. A Jami'ar Badun kuma Farfesa Amos Abolaji ya kafa ɗakin kiwon ƙudan ayaba, ya horar da ɗalibai daga jami'o'i da dama kan yin bincike da shi. Ɗawainiyar ƙudan ba ta wuce kwalba da ɗan kunun masara da yis ba, kuma daga ƙwai zuwa babban ƙuda kwana 10 ne.